Unguwar da Ba Ta Cikin Taswira: Yadda Mutanen Nairobi Suka Zana Garinsu da Hannunsu

A shekarar 2009, duk wanda ya buɗe taswirar Nairobi a intanet ya duba kudu maso yamma da tsakiyar birnin, zai ga filin wasan golf da sunansa, zai ga layin dogon da ya taso daga Mombasa ya nufi Kisumu, zai ga madatsar ruwan Nairobi. A tsakaninsu kuwa sai wani fili fayau, babu titi, babu lungu, babu alamar makaranta ko ɗaya. Wannan filin shi ne Kibera, ɗaya daga cikin unguwannin talakawa mafiya cunkoso a Afirka. Ana haihuwa a wurin, ana mutuwa, ana ciniki, ana tura yara makaranta kowace safiya, amma a takarda wurin kango ne.

Kibera ba sabuwar unguwa ba ce da za a ce masu zana taswira ba su kai gare ta ba tukuna. Tun farkon ƙarni na 20 Turawan mulkin mallaka na Ingila suka zaunar da tsofaffin sojojinsu 'yan ƙabilar Nubiya, waɗanda asalinsu daga Sudan ne, a wannan daji na bayan gari. Sun ba su izinin zama, ba su ba su takardar mallaka ba. Da Kenya ta sami 'yancin kai a 1963, ƙasar ta zama ta gwamnati, mutane kuma suka yi ta kwararowa daga karkara neman aiki, suna kama hayar ɗakunan laka masu rufin kwano. A idon doka duk zaman wucin gadi ne, ko da kakan mutum a nan aka binne shi. Hukuma kuwa ba ta zana abin da ba ta yarda da zamansa ba. Sai a 2017 al'ummar Nubiya suka karɓi takardar mallakar eka 288 daga hannun Shugaba Uhuru Kenyatta, bayan jiran da ya kai kimanin shekara 100.

Rashin shiga taswira yana da tsada. Injiniyan hukumar ruwa ba zai ja bututu zuwa layin da ba ya gani a takardarsa ba. Jami'in ilimi ba zai kai littattafai makarantar da ba ta cikin rajistarsa ba. Idan gobara ta tashi, mai kiran motar kashe gobara sai ya yi ta kwatance da bishiya da shagon wane, wuta kuwa ba ta jiran kwatance.

Matasa 13 da na'urar da ba ta fi tafin hannu ba

A ƙarshen 2009 wasu Amurkawa biyu, Erica Hagen da Mikel Maron, suka zo da wata shawara mai sauƙi. Maimakon a ɗauko ƙwararru daga waje, a koya wa 'yan unguwar su auna unguwarsu. Aka zaɓi matasa 13, don Kibera ta kasu ƙauyuka 13, irin su Gatwekera da Makina da Laini Saba da Silanga da Kianda da Lindi. Aka ba kowa na'urar GPS, wadda ke karɓar saƙo daga tauraron ɗan'adam ta faɗa wa mai riƙe da ita ainihin inda yake tsaye a doron ƙasa. Yaro zai bi lungu, na'ura tana jan layin sawunsa. Idan ya zo famfo ya tsaya ya danna, ya rubuta a takarda cewa famfo ne. Haka banɗakin haya, haka kemis, haka coci da masallaci, haka makaranta. Da yamma su taru a ɗakin kwamfuta su zuba abin da suka tara a OpenStreetMap, wata taswirar duniya da aka fara a Ingila a 2004, wadda kowa ke da ikon ƙara mata bayani, kowa kuma ke da ikon ɗiba kyauta.

Cikin kusan mako uku filin nan fayau ya cika da layuka da alamomi. Aikin ya samu suna Map Kibera, jaridun duniya suka ɗauka, aka yi ta yaba masa a tarurruka.

Zaɓen 'yan unguwa ba don a faranta musu rai aka yi shi ba. Hoton tauraron ɗan'adam yana nuna rufin kwano, amma ba ya faɗa maka cewa ƙarƙashin wannan kwanon akwai ungozomar da matan layin suka yarda da ita, ko cewa wancan famfon ya shekara bai zubo da ruwa ba, ko cewa wannan hanyar da rana hanya ce, bayan magariba kuma babu macen da ke bin ta ita kaɗai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Baƙo da na'ura a hannu, ko da ya iya shiga lungunan bai ɓace ba, mutane ba za su buɗe masa baki ba, don sun gaji da masu zuwa da takardun tambayoyi su tafi ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

Taswira ta kammalu, masu ita ba su gan ta ba

A nan ne labarin ya fi ba ni sha'awa, don a nan ne yawancin irin waɗannan ayyuka suke mutuwa. Taswirar ta hau intanet, ɗalibi a Landan yana iya ganin kowane famfon Kibera daga ɗakinsa, amma matar da ke ɗiban ruwa a famfon ba ta san an yi ba. A 2009 wayoyin zamani ba su yaɗu a hannun talakawa ba, shiga intanet sai an je shago an biya. Ko wanda ya shiga, me zai yi da allo cike da ɗigo-ɗigo? Su kansu masu aikin ba su ɓoye wannan ba a rubuce-rubucensu na baya: tattara bayani shi ne ɓangare mai sauƙi, mai da shi abin amfani ga masu shi ne aikin.

Sai suka sake lale. A 2010 suka daina ƙoƙarin cusa komai a taswira ɗaya, suka raba ta gida-gida: ta lafiya daban, ta ilimi daban, ta ruwa da tsafta daban, ta tsaro daban. Suka buga su a manyan takardu, suka kai su zauren taro, suka shimfiɗa farar takarda mai shara-shara a kai, suka miƙa wa mutane alƙalami. Kowa ya zo ya nuna inda aka yi kuskure, ya ƙara abin da aka manta. A zaman taswirar tsaro, 'yan mata suka riƙa nuna wuraren da ake tare mutane, da inda babu fitila, da inda mutum zai iya gudu ya fake. Wannan sani ne da kowace yarinya ke riƙe da guntunsa a ka, ba a taɓa haɗa guntayen wuri ɗaya ba. Daga baya aka zana taswirar da fenti a jikin bango a cikin unguwar, inda mai wucewa zai tsaya ya gani ba tare da ya mallaki waya ba, ba tare da ya sayi data ba.

Wannan shi ne abin da masana ke kira tsara bayanai, kuma ba ado ba ne. Tambayoyi ne masu wuya: wa zai karanta wannan? A tsaye ko a zaune? Ya iya karatu ko sai alama? Me yake son sani a wannan lokacin, me kuma za a cire don kada ya shige masa duhu? Bayanin da ke cikin kwamfuta da wanda ke jikin bango ɗaya ne, amma na bangon ne ya shiga rayuwar mutane.

Tare da taswirar aka kafa wasu abubuwa biyu. Ɗaya shi ne Kibera News Network, inda matasa ke ɗaukar labaran unguwarsu da ƙananan kyamarori su ɗora a YouTube. Ɗayan shi ne Voice of Kibera, inda mazauna suka riƙa aika rahoto ta saƙon tes yana bayyana a kan taswira daidai inda abin ya faru. An gina shi a kan manhajar Ushahidi, wadda ita ma haifaffiyar Kenya ce. Ory Okolloh da Juliana Rotich da David Kobia da Erik Hersman suka ƙirƙire ta cikin 'yan kwanaki a farkon 2008, lokacin rikicin da ya biyo bayan zaɓen Disambar 2007, wanda ya ci rayuka sama da 1,000, kuma Kibera na cikin wuraren da wutar ta fi ci. Wannan tarihi ne ya sa da zaɓen 2013 ya matso, matasan suka zana rumfunan zaɓe da wuraren da ake fargabar tashin hankali, suka raba wa masu aikin zaman lafiya da jami'an tsaro.

Mutum nawa ne a Kibera?

Shekara da shekaru ana maimaita cewa Kibera na ɗauke da mutum miliyan ɗaya. 'Yan jarida sun rubuta, ƙungiyoyin agaji sun sa a takardun neman tallafi, 'yan siyasa sun faɗa a kan dandamali. Da sakamakon ƙidayar Kenya ta 2009 ya fito, adadin da aka samu shi ne 170,070. Akwai masu ganin ƙidayar ta tsallake mutane, kuma wasu binciken sun ba da adadin da ya ɗara wannan, amma babu mai hankalin da ya ci gaba da kare miliyan ɗaya.

Wani zai ce ai gara a ƙara yawan, don tallafi ya ƙaru. Ban yarda ba. Adadin da aka kumbura yana sa matsala ta zama kamar ta fi ƙarfin kowa, hukuma ta ɗaga hannu ta ce ba yadda za ta yi. Mutum 200,000 kuwa ana iya lissafa famfo nawa suke buƙata, aji nawa, gadon asibiti nawa, a kuma tambayi wanda ya karɓi kuɗi da sunansu ina ya kai su.

Aikin makarantu ya nuna wannan a fili. A 2014 ƙungiyar Map Kibera ta ƙaddamar da Open Schools Kenya, matasanta suka bi makarantun Kibera ɗaya bayan ɗaya. Suka samu kimanin 350, kuma 'yan ƙalilan ne kawai na gwamnati. Sauran na coci ne, na masallaci, na ƙungiyoyi, na wata malama da ta kama ɗaki biyu ta fara koyarwa. Kowace makaranta aka buɗe mata shafi da hotonta, da yawan ɗalibai da malamai, da kuɗin makaranta, da ko tana da banɗaki. Aka buga taswirar a takarda aka mayar wa kowace makaranta tata, aka kai wa jami'an ilimi da ɗan majalisar mazaɓar. Uba yana iya kwatanta makaranta da makaranta kafin ya kai ɗansa. Shugabannin makarantun, waɗanda da kowa ke fama shi kaɗai, suka ga yawansu a takarda, suka ga cewa su ne ke ɗauke da mafi yawan yaran unguwar. Wanda ya san haka ba ya shiga ofishin gwamnati da muryar roƙo.

Motocin da kowa ke hawa, babu wanda ya san hanyoyinsu duka

Giɓi na biyu a taswirar Nairobi ya shafi birnin gaba ɗaya. Yawancin mutanen da ke hawa mota zuwa aiki a Nairobi matatu suke hawa, wato bas-bas na haya mallakar 'yan kasuwa, daga mai kujera 14 zuwa manya, masu fenti kala-kala da kiɗa kamar gidan biki. Kowace hanya da lambarta: 46 ta nufi Kawangware, 111 ta nufi Ngong, 8 ta nufi Kibera. Fasinja ya san lambar unguwarsu da ta wurin aikinsa. Idan zai je wata unguwa sai ya tambayi kwandasta ko 'yan kamasho. Kafin 2014 hukumar birnin kanta ba ta da cikakken hoton tsarin da ke ɗaukar jama'arta kullum.

Daga 2012 wasu malamai suka haɗa kai a kan wannan: Peter Waiganjo Wagacha da Dan Orwa na Jami'ar Nairobi, Jacqueline Klopp ta Jami'ar Kolumbiya, Sarah Williams ta jami'ar MIT, da Adam White na kamfanin Groupshot, da tallafin Gidauniyar Rockefeller. Suka sa wa aikin suna Digital Matatus. Ɗaliban Jami'ar Nairobi suka riƙa hawa matatu daga tasha zuwa ƙarshen hanya, waya a hannu tana jan layi, suna danna duk inda aka tsaya aka sauke ko aka ɗauka. A inda fito da waya ke da haɗari, sai a bi motar a baya da wata mota. Suka tattara hanyoyi sama da 130 da dubban wuraren tsayawa.

Da aka zo zuba bayanan sai aka ci karo da wata matsala mai koyar da darasi. Akwai wani ƙa'idajjen tsari da duniya ke amfani da shi wajen rubuta bayanan sufuri, ana ce masa GTFS, wanda Google da hukumar sufurin birnin Portland na Amurka suka fara a 2005. Tsarin ya ɗauka cewa kowace mota tana da lokacin tashi a rubuce, tana da tashoshi tabbatattu, tana da kuɗi tsayayye. Matatu kuwa sai ta cika take tashi. Kuɗin mota yana hawa idan hadari ya haɗo, yana sauka da tsakar rana. Direba yana iya barin hanya ya bi ta wani layi don kauce wa cunkoso ko 'yan sanda. An ƙera ma'aunin ne don garuruwan da ba su yi kama da Nairobi ba, kuma da masu aikin sun bi shi ido rufe, da sai su ce matatu ba tsari ba ne, hargitsi ne. Sai suka lanƙwasa ma'aunin: maimakon a rubuta ƙarfe nawa mota ke tashi, aka rubuta kimanin minti nawa ake jira tsakanin mota da mota.

Sannan aka zo zane. A nan suka ari dabarar Harry Beck, ma'aikacin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan wanda aka buga taswirarsa a 1933. Beck ya lura cewa fasinja bai damu da kowace kwana da layin dogo ya yi ba. Abin da yake so ya sani shi ne wace tasha ke bin wace, kuma a ina zai sauya jirgi. Sai ya miƙar da layukan, ya ba kowanne launinsa, ya buɗa tsakiyar gari inda tashoshi suka cushe, ya matse bayan gari. Masu taswirar matatu suka yi haka: suka tara hanyoyin da ke bin babban titi ɗaya a ƙarƙashin launi ɗaya, suka sa alamomin da kowa ya sani kamar dajin Karura da filin jirgin sama, suka zubar da sauran.

An fito da taswirar a Janairun 2014, hukumar birnin ta karɓe ta, jarida ta buga ta, mutane suka yi ta saukewa a wayoyinsu. A Agustan 2015 hanyoyin matatu suka shiga Google Maps, karo na farko da irin wannan sufuri na 'yan kasuwa ya shiga. Amma abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne abin da ido ya gani da aka shimfiɗa takardar. Kusan dukkan layukan sun nufi tsakiyar gari sun cushe a can. Mai son zuwa daga wata unguwa zuwa maƙwabciyarta sau da yawa sai ya shiga gari ya sake mota, ya biya sau biyu, ya ƙara wa cunkoson da yake kuka da shi. Kowane fasinja ya san wannan a jikinsa. Ganin sa a takarda ɗaya ne ya mai da shi maganar da za a iya ɗora wa masu tsara birni a tebur. Kuma takardar ta nuna cewa direbobi da masu motoci, waɗanda aka saba kira 'yan hargitsi, sun gina tsarin da ya game birni ba tare da gwamnati ta zana musu ko layi ɗaya ba.

Wasu birane sun bi sawu. An yi irin wannan a Alƙahira, an yi wa motocin trotro na Akara, an yi a birnin Meziko. A Darussalam ta Tanzaniya kuma, daga 2015, ɗaliban Jami'ar Ardhi da Jami'ar Darussalam tare da mazauna unguwanni irin su Tandale suka zana magudanan ruwa da wuraren da ambaliya ke ci, a aikin da ake kira Ramani Huria.

Abin da taswira ba ta iya yi ba

Da sassafen wata Litinin a Yulin 2018, motocin rusau suka shiga Kibera don buɗe hanyar da za ta haɗa titin Ngong da titin Langata. Gidaje suka tafi, makarantu suka tafi, kuma ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam sun ƙiyasta cewa kimanin mutum 30,000 ne suka rasa matsuguni. Duk wuraren nan suna cikin taswira. An san sunayen makarantun, an san yawan ɗalibansu. Bai hana katafila wucewa ba.

Dole mai son wannan aiki ya tsaya a kan wannan, kada daɗin fasaha ya ɗebe shi. Shiga taswira ba shi ne samun haƙƙi ba. Wani lokaci ma yana jawo ido: mai jan ruwa ko wuta ta bayan fage, da mai kemis marar lasisi, suna da dalilin ƙin a sa musu alama, kuma dalilin nasu ba wauta ba ne. Wanda zai zana unguwar talakawa ya wajaba ya tambayi mutanen me suke so a nuna, me suke so a bari, don su ne za su kwana a wurin bayan an wallafa.

Inda bayani ya yi tasiri sosai a Nairobi, za ka tarar akwai ƙungiyar jama'a a bayansa. Misali mafi kyau shi ne Mukuru, wata babbar unguwar talakawa kusa da yankin masana'antu. A can ƙungiyar mazauna irin waɗannan unguwanni, Muungano wa Wanavijiji, wadda ginshiƙinta ƙungiyoyin adashi ne, mafi yawansu na mata, ta daɗe tana ƙirga gidaje da banɗakuna da famfuna da kanta. Tare da masu bincike na jami'o'i da lauyoyi suka nuna a lissafe cewa talakan Mukuru yana sayen ruwa da tsada fiye da mai gida a unguwar masu kuɗi, ga shi kuma ruwan bai kai nasa tsafta ba. Da wannan hujja suka matsa har gwamnatin Nairobi ta ayyana Mukuru a matsayin yankin tsari na musamman a 2017, abin da ya wajabta a zauna da mazauna a tsara makomar wurin. Ko wannan bai zama kariya cikakkiya ba, don an yi rusau mai muni a Mukuru Kwa Njenga a ƙarshen 2021. Amma bambancin a bayyane yake. Alƙaluman Mukuru suna hannun mutanen da ke haɗuwa kowane mako, suka san juna, suke iya cika harabar ofis idan an yi biris da su.

Akwai kuma maganar kuɗi, wadda masu yabon irin wannan aiki ba su cika son tadawa ba. Al'adar OpenStreetMap ta sa kai ce, ta taso ne a ƙasashen da mutum ke da albashi, yake zana taswira ranar hutu don nishaɗi. Saurayin Kibera da ya yini yana bin lungu da na'ura ya bar aikin da zai ci abinci da shi ne. Tun farkon Map Kibera wannan ya jawo taƙaddama, kuma gaskiyar matasan ce. Idan bayanin yana da darajar da jami'a za ta rubuta littafi a kansa, yana da darajar da za a biya wanda ya tattaro shi.

Mu ma mun taɓa ganin irin wannan

Arewacin Nijeriya ba baƙon wannan fasaha ba ne, ko da yake ta wata ƙofa ta shigo. A yaƙi da cutar shan inna, ma'aikatan rigakafi sun daɗe suna aiki da taswirar mazaɓa da aka zana da hannu, kuma an gano cewa akwai ƙauyuka da rugage da sababbin unguwannin bayan gari da ba sa cikinta sam. Daga wajajen 2012, a Kano da sauran jihohin da cutar ta yi katutu, aka koma zana taswira daga hoton tauraron ɗan'adam, ana tura mutane su tabbatar da sunan kowane gari a ƙasa. Aka kuma haɗa ayarin masu rigakafi da wayoyin da ke nuna inda suka taka, ta yadda da yamma za a ga layin da aka shiga da wanda aka tsallake. Ƙungiyar eHealth Africa, mai babban ofishi a Kano, tana cikin waɗanda suka yi wannan aiki. Ba taswira kaɗai ta kori cutar ba, sarakuna da malamai da matan da suka bi gida-gida su ne suka ɗauki nauyin, amma ta taimaka ƙwarai har aka kai ranar 25 ga Agustan 2020 da aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji.

Sai dai waccan taswira an yi ta ne don mai duba aiki daga sama ya gani. Ba a tsara ta don mai unguwa ba, ko shugabar makarantar Islamiyya, ko ƙungiyar matasan da ke fitowa yashe kwata kafin damina. Da yawa daga bayanan suna nan a intanet ƙarƙashin shirin GRID3, kyauta ga wanda ya iya manhajar taswira kuma yake jin Turanci. Matakin da Kibera ta ɗauka a 2010, na bugawa a takarda, a kai zaure, a miƙa wa mutane alƙalami su gyara, shi ne wanda ya rage mana.

Kuma ba abu ne mai tsada ba. Wayar da ke aljihun ɗalibin Jami'ar Bayero a yau ta fi na'urar da matasan Kibera suka riƙe a 2009 ƙarfi nesa ba kusa ba. Ɗaliban sashen nazarin ƙasa da na tsara birane suna neman aikin kammala karatu kowace shekara. Mazaɓa ɗaya ta isa a fara: a zana kwatocinta da inda suke toshewa, da rijiyoyin burtsatse masu aiki da matattu, da makarantun allo da na boko, da hanyoyin da 'yan adaidaita sahu ke bi da inda suke juyawa. A rubuta da Hausa, da boko da ajami, da alamomin da wanda bai yi karatu ba zai gane. A manna ɗaya a ƙofar gidan mai unguwa, ɗaya a asibitin sha-ka-tafi, a kai wa kansila tasa a gaban jama'a.

Abin da za a tanada tun ranar farko shi ne wanda zai riƙa sabunta ta. Taswirar matatu ta 2014 ta fara tsufa tun ba a daɗe da buga ta ba, don hanyoyi suna sauyawa, tashoshi suna ƙaura, an kuma buɗe babbar hanyar sama ta Nairobi a 2022 wadda ta sake fasalin zirga-zirgar birnin. Sai da masu aikin suka sake neman tallafi suka sake tura ɗalibai. A unguwa irin Kibera abin ya fi haka sauri: makaranta tana rufewa cikin zango ɗaya, famfo yana ƙafewa, gobara tana share layi guda a dare ɗaya a sake gina shi da wani fasali. Masu ba da tallafi suna son biyan kuɗin ƙaddamarwa, inda za a yanka kirtani a ɗauki hoto. Albashin yarinyar da za ta sake zagaya makarantu 350 baɗi don ta ga wacce ke nan da wacce ta rufe, shi ne layin da ya kamata a fara rubutawa a kasafin, kuma ƙaramar hukuma ce ya dace ta biya shi, tunda ita ce za ta fi kowa amfani da abin da yarinyar za ta kawo.